Soket ɗin kaset mai haƙora 60 da na yi oda: ya yi aiki, amma ya lalata min kaset ɗin Yaya

Gyaran waya nake yi a Garwa, rumfata tana gefen babbar kasuwa. Tun bara nake haɗa wani ɗan gem na hannu, wanda za ka riƙe kamar waya amma yana cin kaset ɗin nan masu ruwan ɗorawa da muka tashi da su. Duk wanda ya yi yarinta a nan ya san su, ana rubuta wasa dubu kaza a jiki, kana kunnawa ka tarar Mario ne da Contra da wasan tanka suke ta maimaituwa. Injinan da muke sa su a ciki kwaikwayon Famicom ne, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983.

Sauran kayan ba su ba ni wahala ba. Fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kai, na ciro daga wani tsohon gem da ya mutu, sikirin na kyamarar bayan mota ne mai inci 4.3, batir kuwa samfurin 18650 guda biyu daga mushen laftof. Abin da ya tsayar da ni wata da watanni shi ne soket, wato bakin da kaset ke shiga. Na jikin tsohon gem ɗin tsatsa ta cinye shi, haƙoransa sun yi kore. Na zaga kasuwa, na aika Marwa, na sa wani mai zuwa Mubi ya duba min, babu. Da yawa ma ba su gane abin da nake nufi ba sai na nuna musu kaset.

Daga ƙarshe na yi oda a wani shagon intanet na China, guda biyar a ƙulli ɗaya. Wani abokina a Duwala ya biya da katinsa, na tura masa kuɗin ta Orange Money. Mako bakwai kafin ya iso hannuna. A nan dole in yaba musu: a ƙirgen haƙora da tazara, abin da na nema shi suka aiko. Haƙora 60 cif, 30 a kowane gefe, tazarar milimita 2.54. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu sayarwa da yawa suna cakuɗa shi da na NES, wato Famicom ɗin Amurka, wanda haƙoransa 72 ne kuma tazararsa 2.5. A hoto kamar ɗaya suke, amma kaset ɗinmu ba zai zauna a wancan ba. Ƙafafun sun karɓi dalma ba gardama, robar ba ta narke ba duk da na daɗe ina gasa ta. Na bi layi 60 ɗin da mita ɗaya bayan ɗaya, duk sun amsa. A daren nan da an tambaye ni, tauraro biyar zan ba su.

Washegari da la'asar na ɗauko kaset ɗin Yaya. Yayana, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo shi muna firamare, kuma shi kaɗai ne abin da ya rage min na wasanninmu. Takardar jikinsa ta koɗe, akwai inda ya rubuta harafin farko na sunansa da biro don kada yaran makwabta su ce nasu ne. Ɗansa yana wurina yanzu, shekararsa tara, kuma gaskiya don shi na fara aikin nan tun farko.

Tun wajen sakawa na ji wani abu. Sai da na danna da manyan yatsu biyu kafin ya shige, har ya yi ƙara. Amma da na kunna, hoto ya fito tangaram a karon farko, ba hura iska, ba ɗan bubbugawa kamar yadda muka saba. Yaron ya yi tsalle, ya ce, "Baffa, wannan ne wanda Abba yake yi?" Na ce shi ne. Muka zauna a tabarma muna karɓa-karɓa har aka kira magariba.

Da na zo cirewa, kaset ya ƙi fita. Na ja a hankali, ko motsi. Na ɗan karkata shi hagu da dama kamar yadda ake yi, sai na ji ƙas. Robar ta tsage gida biyu ta fito a hannuna, fanel ɗin ciki ya tsaya a bakin soket kamar an yi masa walda. Sai da na sa filaya da tsumma na zaro shi. Da na duba da gilashin da nake duba waya, haƙora biyu sun ɗaye daga jikin fanel ɗin, sauran duk an kankare su har jan ƙarfe ya fito, ga wata siririyar tsaga da ta bi ta gefen baƙin ɗigon nan. Masu sana'a sun san me wannan ke nufi. Kaset irin namu ba su da cip mai ƙafafu da za ka cire ka canza, an binne shi ne a ƙarƙashin baƙin danƙo. Na yi jampa da siririn waya a haƙoran biyu, ya kunna, kiɗan yana tashi daidai, amma hoton ya zama tarkacen murabba'i. Wurin ajiyar hotuna daban yake da na shirin wasan, kuma tsagar ɓangaren hotunan ta taɓa. Kwana uku ina kansa, na haƙura.

Na rubuta wa mai shagon, na tura hotuna. Amsar da ta zo wai sabon soket dama yakan yi tauri, in ci gaba da amfani zai saki. To me ya hana su rubuta haka a tallar? Layi ɗaya ya isa. Da na gani, da wani banzan kaset zan fara gwadawa. Na gwada sauran huɗun da guntun fanel, duk haka suke, suna cizo kamar tarko. Kuma sai a lokacin na tuna cewa mai lanƙwasassun ƙafafu na zaɓa don gem ɗin ya yi siriri, suka aiko mai miƙaƙƙu, na yi shiru saboda murnar ya iso. Wannan ma ya sa akwatin ya yi kauri fiye da yadda na zana.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne mai gyaran rediyo da talabijin a Yalwa. Na kai masa kuka, ya juya soket ɗin a hannu, ya ce, "Ɗana, ka je nesa neman abin da ke ƙarƙashin tebur ɗina." Ya jawo wani fanel na tsohuwar kwamfuta duk ƙura, ya nuna min dogayen baƙaƙen ramukan da ake kira ISA. Sashen mai tsawo haƙora 62 ne, tazara 2.54, daidai da namu, ƙarin biyu kawai. Ya yanke ƙarshen da zarto, ya goge da fayil, ya toshe da gam. An yi ramin ne don katunan kwamfuta masu ɗan kauri, shi ya sa yake riƙe kaset a hankali. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce in kawo gem ɗin ya gani idan na gama, shi ke nan. Ramin ISA ɗin ne a jikin gem ɗin yanzu, kaset na shiga yana fita da hannu ɗaya.

Tauraro biyu na ba su, kuma na biyun don ƙirgen haƙoran ya cika ne. Huɗun suna cikin durowata, mai so ya zo ya ɗauka, amma ya sami mataccen fanel ya yi ta sakawa yana cirewa har bakin ya saki kafin ya kusantar da kaset ɗin da yake ji da shi. Na Yaya na manne robarsa da gam na sa a leda. Yaron yana wasa da wani da na samo masa mai wasanni kusan iri ɗaya, amma jiya ma sai da ya tambaye ni yaushe za a gyara na Abbansa.