Yadda Linux da Windows ke loda manhaja cikin RAM: inda suka haɗu da inda suka rabu

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya mai rassa biyu. Na farko, idan aka buɗe manhaja, shin kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, yana kwafe fayil ɗin gaba ɗaya ne zuwa RAM kafin aiki ya fara? Na biyu, me ya sa fayil ɗin .exe na Windows ba ya tashi a Linux alhali CPU ɗin iri ɗaya ne? Malam, amsar reshe na farko ita ce a'a a duka tsarin biyu, kuma a nan ne suka fi kama da juna. Amsar na biyu tana cikin yadda kowannensu ya raba aikin lodi tsakanin kanel da abin da ke wajensa.

Abin da kanel yake yi, a Linux ko a Windows, shi ne ya ware wa manhajar filin adireshi nata na kanta, sannan ya rubuta cewa adireshi kaza zuwa kaza yana daidai da sashe kaza na fayil ɗin da ke kan faifai. Ana kasa wannan fili shafi-shafi, kuma a kwamfutocin x86 shafi na yau da kullum bayit 4096 ne. Sai lokacin da CPU ya nemi wani adireshi bai tarar da komai a wurin ba ne yake dakatawa ya miƙa wa kanel, kanel ya karanto shafin daga faifai, aiki ya ci gaba ba tare da manhajar ta san an tsaya ba. Saboda haka manhaja mai nauyin megabayit ɗari tana iya fara aiki alhali kaɗan ne daga cikinta ya shiga RAM, kuma sassan da ba a taɓa ba suna iya zama a faifai har a rufe ta. Shafukan umarni, da yake ba a rubutu a kansu, duk wanda ya buɗe manhajar kwafi guda yake amfani da shi, shafukan bayanai kuma ba a yi wa kowa nasa kwafin sai ya yi yunƙurin sauya wani abu a ciki.

Rabuwar tana farawa tun daga yadda ake haifar da furoses, wato manhajar da ke gudana tare da filin adireshinta. Linux ya gaji al'adar Unix ta matakai biyu. Furoses mai buɗe manhaja yana kiran fork, wanda ke samar da kwafinsa, sannan kwafin ya kira execve, wanda ke rushe tsohon filin adireshi ya gina sabo a gurbinsa, amma lambar furoses ɗin ba ta canjawa, kuma fayilolin da ke buɗe suna nan a buɗe sai waɗanda aka yi wa alamar rufewa. Tsakanin waɗannan matakai biyu ne shel, wato manhajar da ke karɓar umarnin da mai amfani ya buga, yake samun damar karkatar da abin da manhaja za ta fitar zuwa cikin fayil ko zuwa wata manhajar. Windows kuwa kira guda yake yi, CreateProcess, wanda tun daga Windows Vista yake sauka kan NtCreateUserProcess a cikin kanel. Sabon furoses yana tasowa ne ba tare da ya kwafi mahaifinsa ba, kuma ba ya gadon abin da mahaifin ya buɗe sai an nemi hakan a fili. A ganina hanyar Windows ta fi tsafta wajen hana gado na kuskure, ta Unix kuma ta fi sauƙin sarrafawa, domin duk gyaran da ake so a yi wa sabon furoses ana yin sa da kiran da aka riga aka sani maimakon a cusa shi cikin dogon jerin sharuɗɗan kira guda.

Daga nan sai gane irin fayil. Kanel ɗin Linux bai damu da ƙarshen sunan fayil ba. Yana duba izinin gudanarwa, ya karanta bayit na farko-farko, ya gwada su a kan nau'o'in da ya sani. Idan ya ga 0x7F da haruffan ELF, ya san tsarin ELF ne, wanda ya samo asali daga fitowar Unix mai suna System V Release 4, kuma Linux ya koma kansa daga tsohon tsarin a.out a tsakiyar shekarun 1990. Idan ya ga #! sai ya buɗe manhajar da aka ambata a wannan layi ya miƙa mata fayil ɗin. Fayil ɗin Windows yana farawa da haruffan MZ, gadon zamanin MS-DOS, kuma a mazauni na 0x3C akwai lambar da ke nuna inda ainihin kan bayanin PE yake. Tsarin PE ya zo da Windows NT 3.1 a 1993, an gina shi a kan wani tsohon tsarin fayil mai suna COFF.

Cikin fayilolin biyu ma'ana ɗaya ce da fasali daban. A ELF kanel yana bin jerin da ke kan fayil, ya shimfiɗa kowane yanki mai alamar PT_LOAD da izinin da aka rubuta masa, na karatu ko rubutu ko gudanarwa, ya cike wurin bayanan da ba a ba su ƙima ba da sifili. A PE kanel yana ƙirƙirar abin da ke wakiltar hoton fayil ɗin gaba ɗaya, ya shimfiɗa sassansa irin su .text da .data a kan iyakokin shafi, ko da yake a faifai galibi an jera su ne a kan ninkin bayit 512.

Inda ya fi cancanta a tsaya shi ne laburare, wato tarin shiryayyun ayyuka da manhajoji ke aro, domin kusan babu manhajar zamani da ke tsayawa ita kaɗai, kuma a duka tsarin biyu ba kanel ne ke nemo mata laburaren da take buƙata ba. A Linux fayil ɗin da kansa ne ke faɗin wanda zai yi wannan aiki. Yankin PT_INTERP yana ɗauke da sunan mai haɗi, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa manhaja da laburarenta, wanda a yawancin kwamfutocin x86-64 shi ne /lib64/ld-linux-x86-64.so.2. Kanel yana shimfiɗa manhajar da mai haɗin, ya jera wa sabon furoses kalmomin umarnin da aka buga, da bayanan muhalli, da wani ɗan jeri da ke faɗin mashigar manhajar, wato adireshin umarninta na farko, da inda kan bayaninta yake, sannan ya miƙa ragama ga mai haɗin. Shi ne zai nemo laburare irin su libc, ya cike teburin adireshi, ya tsallaka zuwa mashigar manhajar. Wannan ne dalilin wani abu mai rikitar da masu koyo: wani lokaci Linux yakan ce babu fayil alhali ga shi ana gani, kuma abin da ya rasa a gaskiya mai haɗin ne da aka ambata a ciki. Idan kuwa an haɗa manhajar da laburarenta tun wajen gini, babu PT_INTERP, kanel yana tsallakawa kai tsaye zuwa mashigarta.

A Windows babu wannan zaɓi. Kanel yana shimfiɗa ntdll.dll, ɗaya daga cikin laburaren Windows da ake kira DLL, a cikin kowane furoses na yau da kullum, kuma zaren farko, wato layin aiki na farko na furoses ɗin, yana fara gudu ne daga LdrInitializeThunk da ke cikinta. Mai lodin da ke ntdll yana karanta teburin abin da manhajar ke buƙata, ya lodo kowace DLL, ya rubuta adireshin ayyukanta a teburin da ake kira IAT, ya kira DllMain, wato aikin farawa na kowacce, kafin manhajar ta samu gudanar da umarninta na farko. Akwai bambanci mai nauyi a nan: PE yana faɗin sunan aiki tare da sunan DLL ɗin da yake ciki, ELF kuwa yana faɗin sunan aiki ne, mai haɗi ya bi laburare a jere ya ɗauki na farkon da ya dace. Shi ya sa LD_PRELOAD, saitin da ke sa a fara loda wata laburare kafin sauran, ke iya maye gurbin aiki a Linux cikin sauƙi, abin da ke da amfani ga mai binciken kuskure, yake kuma da haɗari, har mai haɗin yana taƙaita shi ga manhajojin setuid, wato masu gudana da ikon mai fayil ɗin maimakon na wanda ya buɗe su.

Batun adireshi ma kowa da dabararsa. Fayil ɗin PE yana da adireshin da ya fi so, wanda bisa al'ada 0x400000 ne ga .exe mai bit 32, da 0x140000000 ga mai bit 64. Idan an ajiye shi a wani wurin, kamar yadda ake yi da gangan tun daga Vista don wahalar da masu kutse, sai a bi jerin da ke sashen .reloc a gyara adireshin da ke cikinsa. Don kada gyaran ya hana raba shafuka, DLL guda galibi tana zama a adireshi ɗaya a duk furoses har a sake kunna kwamfuta. Linux ya zaɓi a gina laburare da umarnin da bai dogara da mazauninsa ba, gyara ya tsaya a shafukan bayanai, don haka kowane execve yana iya ba da sabon adireshi. Ta fuskar tsaro wannan ya fi ƙarfi, domin adireshin da ya fallasa a wani furoses ba lallai ya yi amfani a wani ba.

Reshe na biyu na tambayar ya kusa amsa kansa, sai dai tsarin fayil shi ne ƙaramin cikas. Ko da Linux ya shimfiɗa PE daidai, manhajar za ta nemi kernel32.dll da ntdll.dll, kuma hanyar magana da kanel ta bambanta. Lambobin kiran kanel a Linux tsayayyu ne, misali write lamba 1 ce, execve kuma 59 a x86-64, shi ya sa manhaja ke iya yin magana da kanel ba tare da laburare ba. A Windows lambobin suna canjawa daga fitowa zuwa fitowa, kuma ntdll ce ke riƙe da sanin su. Wine, manhajar da ke gudanar da manhajojin Windows a Linux, yana warware wannan ta hanyar kawo nasa mai lodin PE da nasa DLL da ke mayar da buƙatun Windows zuwa na Linux, kuma ana iya yi wa MZ rajista a binfmt_misc, wurin da ake sanar da kanel ɗin Linux sababbin nau'o'in fayil, don kanel ya riƙa miƙa masa irin waɗannan fayiloli. Ta ɗaya ɓangaren, akwai WSL, tsarin gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows: na farko da ya fito a 2016 ya koya wa kanel ɗin Windows loda ELF da amsa kiran Linux, WSL 2 kuma ya bar wannan hanya, yana gudanar da ainihin kanel ɗin Linux a cikin na'urar kwaikwayo mara nauyi.