Ofishin lauyoyin da suka yi min rajistar murhuna, ga abin da na gani

Tauraro huɗu na basu cikin biyar. Ofishin lauyoyi ne a nan Kano da suke aikin rajistar fatent, takardar nan da gwamnati ke baka ta shaida cewa abin da ka ƙirƙira naka ne, ba mai ƙerawa ko sayarwa sai da izininka. Ban sa sunansu ba don ba talla nake musu ba, kuma akwai inda zan yi ƙorafi.

Ni sana'ata walda, na haɗa wani murhu mai aiki da buntun shinkafa, irin wanda ake zubarwa tsibi-tsibi a bayan injinan casa na Kura, masu abincin sayarwa da gawayi ya yi wa tsada su nake hange. Tambayar farko da baristar tayi min tun kafin maganar kuɗi itace "Malam ka taɓa ɗora shi a Facebook ko TikTok, ko ka sayar wa wani?" nace a'a, tace to alhamdulillahi ka ci gaba da yin shiru har mu shigar da takarda. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa wajensu, don dokar da ake aiki da ita, ta 1970, cewa tayi dole abin ya zama sabo, in har ya riga ya fita duniya ta gani ko da kai da kanka ka fitar to ya tashi daga sabo, sassaucin da aka yi kawai na wanda ya nuna a baje koli na ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince dashi ne cikin wata 6 kafin ya shigar. Sannan wanda ya riga kai takarda shi doka ta sani, ba wanda ya riga tunani ba. Matasanmu nawa ne suke ƙera abu mai kyau, washegari ka ganshi a bidiyo suna bayanin yadda cikinsa yake dalla-dalla, abin yana min ciwo sosai.

Daga nan suka zauna dani a gaban kwamfuta muka shiga Google Patents da rumbun WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin ƙirƙira, wuraren da ake duba abin da wasu suka riga suka yi wa rajista, sai ga murhun buntu iri-iri, ashe a ƙasar Filifin an daɗe ana yinsa, har wani injiniya Alexis Belonio ya samu kyautar Rolex a 2008 a kan irin nasa. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Amma bata ce min in tafi gida ba, bata kuma yi min daɗin baki don ta karɓi kuɗi ba, tace murhun gaba ɗaya ba naka bane Malam, amma wannan ƙofar da kake zubar da toka ba tare da wuta ta mutu ba, da yadda ka haɗa ta da hanyar iska, bamu ga irinta ba, a kanta zamu tsaya.

A nan ne na gane abin da nake biya wa kuɗi. Ofishin rajista na Abuja, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci da zuba jari, takardu kawai yake dubawa ko sun cika, baya binciken ko abinka sabo ne da gaske, haka dokar ta tsara. Kenan zaka iya riƙe satifiket mai hatimi ka rataye a shago, ranar da wani ya kwaikwayi kayanka kuka je Babbar Kotun Tarayya, lauyansa ya kawo hujjar cewa an taɓa yin irinsa, alƙali ya soke. Ƙarfin takardar yana cikin jerin abubuwan da ka rubuta kace sune naka, kamar iyakar gona ce, in ka faɗaɗa ka shiga ta maƙwabci, in ka matse ka bar wa wani fili. Sun ɗau lokaci a wannan wajen, mun yi ta gyara, suka kawo mai zane ya zana kowane ƙarfe da lambarsa. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya.

Yanzu inda suka rasa tauraro ɗaya. Bayan an shigar da takarda sai waya ta zama wahala, ka kira ba a ɗauka, saƙon WhatsApp sai ya kwana biyu ba amsa, mutum kuma hankalinsa ba a kwance yake ba. Lissafin kuɗinsu ma dunƙule suka bani, sai da na matsa kafin suka ware min na gwamnati daban, na zane daban, ladansu daban. Kuma maganar kuɗin shekara-shekara sai can ƙarshe ta fito, alhali fatent shekara 20 yake yi daga ranar da ka shigar amma sai kana biya duk shekara, in ka yi sake ana ɗaga maka ƙafa wata 6 da tara a kai, bayan nan ya mutu. Wannan ai a zaman farko ya kamata a gaya wa mutum.

Wani abu da suka yi min bayani da kyau, takardar Najeriya a Najeriya ta tsaya. Ina da masu sayen kaya daga Maraɗi, Nijar kuma tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya ta haɗa ƙasashe 17, Najeriya bata ciki, don haka in ina son kariya a can sai na shigar daban cikin wata 12 da shigarwar Najeriya don a riƙe min ranar farko.

Basu ambaci NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, ba ko sau ɗaya, a bakin wani malamin jami'a naji cewa hukumar tana taimaka wa 'yan ƙasa masu ƙirƙira wajen neman fatent, tana kuma da ofisoshi a jami'o'i da dama. Wanda aljihunsa ba nauyi ya fara leƙa can tukuna. Wanda kuma zai je wajen waɗannan lauyoyin ya nemi a rubuta masa lissafi ɗaya bayan ɗaya tun ranar farko, har da wanda zai riƙa tuna masa kuɗin shekara.