Agajin hanya na masu jan jirgin ruwa: yadda ta kaya da ni a Jojiya

Duk mazaunin bakin Tafkin Erie a arewacin Amurka ya san da zarar Oktoba ta wuce, harkar jirgin ruwa sai baɗi. Kowa ya fid da nasa, ya lulluɓe da tamfol, ya jira ƙanƙara ta narke. Ni dai a Disambar bara na ce ba da ni ba. Na ɗora ɗan jirgina mai tafiya da iska, Catalina 22, a kan tirela, na ƙulla a bayan a-kori-kura, ni da ƙanena muka hau babbar hanyar I-75 daga Toledo zuwa Punta Gorda a Filorida, tafiyar kusan kilomita 1,900. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 8 ba, doka kuwa ta yarda har ƙafa 8 da rabi, don haka babu zancen neman izini.

Ana saura mako ɗaya mu tashi na biya kuɗin shekara na agajin hanya a wata ƙungiyar masu jiragen ruwa. Dalili, na kira waɗanda ke kula da motata na tambaye su, suka ce motar kaɗai suka sani, abin da ke bayanta ba ruwansu. Kuɗin bai kai na cika tanki sau biyu ba, amma na biya ina ƙunƙuni, don a raina asara ce.

Ranar farko lafiya lau. Muka ratsa Cincinnati da Lexington, muka haye dutsen Jellico a iyakar Kentucky da Tennessee da ƙaramin giya, manyan motoci na wuce mu iskarsu na kaɗa jirgin. Ba na haura mil 60 a awa, saboda tayoyin tirela da dama mil 65 aka yanka musu. Kwana muka yi kusa da Chattanooga, da asuba muka tsallake Atlanta kafin cunkoso.

Tsakanin Cordele da Tifton ne a jihar Jojiya, inda gonakin auduga da gyaɗa suke, har ragowar audugar ta yi fari a bakin titi kamar mutum na hanyar Funtuwa, ƙanena ya sauke gilas ya ce, "Yaya, ba ka jin ƙauri?" Na duba madubi, sai ga hayaƙi siriri daga tayar dama. Da muka tsaya, baƙin giris ya fantsama a jikin jirgin, murfin cibiyar tayar ya yi nasa wuri, zafin kuwa ko bayan hannu ba ya kusantuwa. Boris, wato ƙwayoyin ƙarfen da tayar ke juyawa da su, ya ƙone. Da ya huce na zaro ragowarsa da sukundireba, ƙwayoyin sun koma shuɗi sun farfashe a tafin hannuna kamar soyayyiyar gyaɗa. Laifina ne, ba na kowa ba. Duk bazara ina tsoma tirelar cikin tafki da zafin tafiya a jikinta, ƙarfe mai zafi kuwa in ya shiga ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwa ta bakin robar da ke toshe cibiyar tayar. Na san haka, na yi ta cewa gobe zan buɗe.

To, ga inda kuɗina ya fara aiki, ga kuma inda raina ya ɓaci. An ɗauki waya nan take, ba dogon kiɗa. Matar ta tambayi tsawon jirgi, nauyi, taya nawa, lambar mil ɗin da nake, na gaya mata dalla-dalla, har na nanata cewa tayar ba ta juyuwa, ɗauka za a yi ba ja ba. Bayan awa ɗaya da rabi sai ga janwe irin na ƙananan motoci. Direban ya zagaya jirgin sau ɗaya, ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi ce masa aka yi taya ta fashe. Ya yi gaba. Na sake kira, wata dabam ta ɗauka, aka dawo da ni farkon karatu. Wannan shi ne babban aibin hidimar: ƙungiyar ba ta da motar kanta, dillanci take yi tsakaninka da masu janwe na yankin, kuma saƙo yakan zube a hanya.

Muka yi azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa bayan shingen ƙarfe, ƙasa na girgiza duk lokacin da babbar mota ta wuce. Awa huɗu cif muka yi a wurin.

Na biyun da ya zo, dattijo ne da doguwar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, kuma ya san aikinsa. Kafin ya taɓa komai sai da ya ɗauko tef ya auna tsayin jirgin daga ƙasa, saboda gadoji, ya sa muka ƙara ɗaure dogon ƙarfen da ake rataya ƙyallen iska, wanda ya zarce bayan jirgin. Ya janyo tirela da jirgi gaba ɗaya sama a hankali, yana tsayawa yana leƙa ƙasa. Ko sisi bai karɓa ba, hannu kawai na sa. Shi ne ma ya kira wani gareji da ke buɗe ran Asabar. A can aka ga ƙarfen da tayar ke juyawa a kai ya ci, sai da aka sauya shi, muka kwana biyu a wani ƙaramin masauki. Kuɗin kaya da na bakanike duk daga aljihuna suka fito, kuma haka yake a rubuce, ni ne ban karanta ba. Ɗaukar ma tana da iyakar nisa, in an wuce sauran naka ne.

In aka ce in ba su maki, uku da rabi cikin biyar. Rabin yini ya tafi a banza saboda sakacin isar da saƙo, amma da ni kaɗai ne a bakin titin nan, ban san ta inda zan fara neman irin motar dattijon ba.

Mun isa Punta Gorda a makare, muka tsoma jirgi a Charlotte Harbor, muka kwana shida muna yawo. Dare uku a Pelican Bay muka yi su, gefen tsibirin Cayo Costa inda guguwar Ian ta sauka a ranar 28 ga Satumba 2022, wurin da mota ba ta zuwa sai jirgi. Da muka fito, sai da na wanke tirelar tas da ruwan famfo saboda gishiri. Na sabunta rajistar bana. Ƙarƙashin kujerar baya kuma yanzu akwai boris biyu sababbi a leda, da gwangwanin giris.