Saƙo Daga Poland: Abinci da Araha, Aikin Hannu da Tsada

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da hidimar yau da gobe. Tambayoyi sun yi yawa daga ɗalibai masu shirin zuwa karatu da masu neman aiki game da zaman Poland, kuma kusan duk tambayar ɗaya ce: me ake samu, nawa ne, kuma Musulmi zai iya cin me? Amsar a taƙaice ita ce duk abin da ƙasar nan take nomawa ko injin yake yi yana da sauƙi, amma duk abin da sai mutum ya sa hannunsa ya yi maka, to ka shirya aljihu. A gida akasin haka ne, shi ya sa sabon zuwa yake yin lissafinsa a juye.

Kuɗinsu zloti ne, ba yuro ba, ko da yake ƙasar tana cikin Tarayyar Turai tun 2004. Yuro ɗaya yana ba da zloti huɗu da 'yan kai. Shagon 'yan canji sunansa kantor, kuma na filin jirgi da na bakin wuraren yawon buɗe ido su ne masu yankan wuya. A canza kaɗan na mota, sauran a bari sai an shiga gari. Mafi ƙarancin albashi a 2025 zloti 4,666 ne a wata kafin a cire haraji da inshora, don haka da wannan mudun za a auna sauran farashin.

Cefane yawanci a manyan kantuna ake yi, irin su Biedronka da Lidl. Dankalin turawa, kabeji, karas, albasa, tuffa, madara, burodi da kaza, waɗannan ba sa tayar wa kowa hankali: lita ɗaya ta madara ba ta cika wuce zloti huɗu ba, kilon dankali ma haka, kuma babu ƙasar da ta kai su noman tuffa a Tarayyar Turai. Naman sa kuwa ya ninka na kaza, na rago sai an nema. Babu taya, babu ragi, babu gyara, babu "rubuta min zuwa ƙarshen wata". Ragin da ake samu shi ne na manhajar kantin a waya da na kayan da ranar lalacewarsu ta matso. A zo da jaka daga gida don leda sayenta ake yi. A kula da ruwan gora: gazowana mai gas ne, niegazowana shi ne ruwan da muka sani. Ruwan famfo a Warsaw da Krakow ana sha lafiya lau, sai dai yana barin farin dutse a butar shayi, wanda ake wankewa da ruwan tsami ko lemon tsami.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne Lahadi. Tun daga watan Maris na 2018 doka ta fara hana manyan kantuna buɗewa ranar Lahadi, yanzu sai 'yan Lahadi ƙalilan a shekara, galibi gabanin bukukuwa. Wanda ya manta bai yi cefane ranar Asabar ba, sai gidan mai, ko shagunan tashar jirgin ƙasa, ko ƙananan shagunan Żabka da mai shagon yake tsayawa da kansa, kuma can farashi ya ɗara.

Yanzu ga batun da ya fi kowanne muhimmanci. Alade shi ne naman ƙasa, kuma ba a faranti kaɗai yake ba, yana ɓuya. Kalmomi biyar sun wajaba a haddace kafin a koyi gaisuwa ma: wieprzowina naman alade ne, smalec kitsensa ne da ake suya da shi ko a shafa a burodi, boczek da skwarki yankakken namansa ne mai kitse da ake barbaɗawa a kan abinci, żelatyna kuma sinadarin da ke daskarar da alewa da wasu kayan zaƙi, wanda galibi daga alade ake yin sa. Sosej ɗin kaza da ake rubuta wa drobiowa ba hujja ba ne, don sau da yawa hanjin da aka ɗura naman a ciki ko kitsen da aka haɗa na alade ne. Sai an juya bayan leda an karanta layin skład, wato jerin abubuwan da aka haɗa a ciki. Abin mamaki, Poland tana fitar da naman sa da kaji na halal masu yawa zuwa ƙasashen waje, amma a kantin unguwa da wuya ka ga tambarin. Mahautan Turkawa, Larabawa da 'yan Pakistan a manyan birane su ne mafita, kuma ta wurinsu ake yin odar ragon layya, don yanka a tsakar gida ko bayan bene ba abin da hukuma za ta kawar da kai ba ne.

Wanda ya ce saboda wannan ba zai taɓa abincin ƙasar ba, ya cuci kansa, kuma zai ƙarar da kuɗinsa a shagon kebab. Akwai gidajen abinci masu rahusa da ake kira bar mleczny, waɗanda gwamnati ke tallafa wa a kan abincin da ba nama. Tsarin shi ne a karanta allo, a biya a wurin mai karɓar kuɗi, a miƙa rasit a taga, a ɗauki tire, in an gama a mayar da kwanuka da kai. A can za a nemi pierogi ruskie: ƙullun fulawa ne da ake naɗe dakakken dankali da farin cuku da soyayyar albasa a ciki, a dafa a ruwan zafi. Cikinsa babu nama, amma ana yawan zuba masa skwarki a sama, don haka a ce "bez skwarek" tun wurin biya. Placki ziemniaczane gogaggen dankali ne da ƙwai da ɗan fulawa a soye, sai a tambaya ko da man girki irin nasu na tsiron rapis aka soya, ba smalec ba. Naleśniki fanken fulawa ne mai faɗi da cuku mai zaƙi. Miya kuwa a nan shanta ake yi da cokali kafin babban abinci, ba a cin tuwo da ita. Barszcz ja ce, ta jar saiwar burak, wato bitrut, mai ɗan tsami da zaƙi. Żurek ta tsimammen garin hatsin rai ce, daɗinta ba magana, amma kusan kullum da tsiran alade a ciki. Sauran abincinsu irin su bigos da gołąbki da schabowy, a ɗauka alade ne sai in an tabbatar da akasin haka. Ko miyar da ba a ga nama a cikinta ba, a tambayi romon da aka ɗora ta a kai. Babban abincinsu, obiad, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na yamma ake ci, kuma yaji ba ya cikin lissafi: abin da suka rubuta wa ostry, wato mai zafi, yaron goye ma ba zai yi tari ba.

Inda suka burge shi ne kayan nono. Kefir, maślanka da zsiadłe mleko duk dangin kindirmo ne da tsala, masu kyau da araha, kuma zsiadłe mleko ya fi kusa da abin da ake dama fura da shi. Geron ne matsala. Kasza jaglana gero ne, amma ba irin namu ba. Ƙwayarsa rawaya ce, kuma in ba a ɗauraye ta da tafasasshen ruwa sau biyu ba tana ɗaci. Tana yin kunu, fura kuwa tana fitowa da ɗan sanƙo, ƙamshin bai kai ba. Tuwo ya fi sauƙi. Kasza manna shi ne semo, ana talge da shi yadda aka saba, kofi ɗaya ga ruwa kusan kofi biyu da rabi. Tuwon shinkafa kuwa kada a sayi doguwar shinkafar nan da ake ƙullawa gram 100 a 'yan ledoji huɗu cikin kwali, ba ta tuƙuwa. A nemi gajeriya mai zagaye da ake miyar madara ko sushi da ita. Szczaw ganye ne mai tsami da ke tsayawa a madadin yakuwa, szpinak kuma a madadin alayyahu. Zoɓo yana nan a sashen ganyen shayi da sunan hibiskus. Man gyaɗar da aka rubuta wa 100%, mara sukari, yana yin miyar taushe da miyar gyaɗa.

Doya, manja, garin rogo, attarugu, kuɓewa da agada sai shagunan 'yan Afirka, Indiyawa da 'yan Biyetnam. A Warsaw kasuwar titin Bakalarska tana taimakawa. Doya ɗaya madaidaiciya tana iya cinye kuɗin dankalin mako biyu. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa da yaji, gara a zo da su daga gida a ɗaure da kyau. Amma kilishi, dambun nama da man shanu kada a ɓata wahala: dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan nono a jakar matafiyi, kwastan za su karɓe su zubar.

Sufuri ba a cewa komai, in dai an bi ƙa'ida. A cikin gari tikitin lokaci ake saya, misali a Warsaw akwai na minti 20, na 75 da na 90, kuma ana iya sauya bas, taragu da jirgin ƙarƙashin ƙasa a kansa. Sayen tikitin bai wadatar ba, sai an cusa shi a ɗan akwatin da ke buga lokaci da zarar an shiga. Masu bincike ba sa sa kaki, ba sa jin "ni baƙo ne", kuma tarar ta haura zloti 200. Tsakanin birane jiragen PKP Intercity ne. Mai sauri yana kai mutum Krakow daga Warsaw cikin awa biyu da rabi, kuma tikitin da aka saya da wuri yana iya zama rabin na ranar tafiya. Ɗalibi ɗan ƙasa da shekara 26 mai katin makarantar Poland yana da ragin kashi 51 cikin ɗari, amma dole katin ya kasance a jiki kuma an sabunta shi. Kuskuren da ke sa jirgi ya bar mutane shi ne rikita peron da tor: na farko dandamalin tsayuwa ne, na biyu layin dogon, kuma dandamali ɗaya yana da layi biyu.

Biyan kuɗi ya yi nisa. BLIK lamba shida ce da manhajar banki ke bayarwa, tana mutuwa bayan minti biyu, da ita ake biya a shago, a intanet, a cire kuɗi a na'ura. 'Yan damfara suna shiga shafin aboki su roƙi lambar, kada a ba kowa. Saƙo kuwa ba a jiran ɗan aike a ƙofa: ana ajiye shi a akwatunan ƙarfe na InPost da ke kowace unguwa, a ba ka awa 48 ka je ka buɗe da waya. Yawancin hidimomi kuma suna rataye ne a kan PESEL, lamba 11 da hukuma ke ba mazauni. Banki, asibiti, albashi, har takardar magani da ake karɓa a kemis da lamba huɗu, duk ita suke tambaya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a sayar da shi sai da rubutun likita. Asibitin gwamnati kyauta ne ga mai inshorar lafiya ta gwamnati, NFZ, sai dai ganin ƙwararren likita yana iya ɗaukar watanni, shi ya sa masu hali ke biya a na kuɗi. Katin zama na karta pobytu ma haka, a ofishin lardi ake nema, kuma jira ne na watanni. A shigar da takardu kafin biza ta ƙare, ko da kwana ɗaya ne.

Ga inda gida ya fi. Aski a babban birni zloti 50 zuwa sama ne, kuma ba kowane mai aski ya iya gashinmu ba, don haka injin aski yana mayar da kuɗinsa a wata biyu. Kitso da lalle sai an yi alƙawari da 'yan uwa mata 'yan Afirka, da tsada. Tela zai rage tsawon wando da kuɗin da ya kusa sayen wani wandon a shagon gwanjo, ɗinkin babbar riga kuwa babu mai yi. Mai gyaran famfo ko wuta yana cajin zuwansa kafin ya taɓa komai, kuma sai ya ba ka rana. Haya a wata-wata ake biya, ba shekara ba, da kuɗin ajiya na wata ɗaya, amma a tambayi czynsz: kuɗin hukumar bene ne na ɗumama ɗaki, shara da ruwa, wanda sau da yawa ba ya cikin farashin da aka tallata, kuma yana iya ƙara ɗaruruwan zloti. Wuta ba ta ɗaukewa, sai dai soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, filogin gida mai ƙafa uku ba ya shiga.

Mutanen ba masu fara'a a titi ba ne, kuma ba gaba ba ce. Babba ko baƙo ana ce masa pan, mace pani, ba a kiran suna kai tsaye sai an ba da izini. Ana cire takalmi a ƙofar gida, mai gida ya miƙo silifa. In za a kai fure, a kai mara, ba cika ba. A gidan abinci, in ka miƙa kuɗi ka ce "dziękuję", wato na gode, ma'aikacin zai ɗauka canjin nasa ne. A daren 24 ga Disamba suna cin abinci kala 12 babu nama sai kifi, suna kuma barin faranti ɗaya don baƙon da ba a zata ba. Wannan ce gayyatar da Musulmi zai amsa hankali kwance, in ban da giya.

Mai son ganin ƙasa ya je Krakow da ramin gishirin Wieliczka da ke kusa, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Matakalarsa kusan 800 ce, a sa takalmi mai daɗi. A Zakopane, garin da ke tsaunukan kudu, ana gasa oscypek, ƙyafaffen cukun tumaki mai gishiri. Amma tafiyar da ta fi dacewa da mu ita ce gabas, bayan Białystok, ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki. Sarki Jan Sobieski na Uku ya ba sojojinsa Tatar Musulmi filaye a wurin a 1679 a madadin albashin da suke bi, kuma jikokinsu suna nan da masallatan katako da maƙabartu. Abincinsu pierekaczewnik, siraran ƙullu ne da ake shafe da man shanu, a jera, a zuba naman rago ko na sa ko na dinya, a naɗe a gasa. Motar haya zuwa can ba ta da yawa, a duba lokacin komowa kafin a tashi, kuma a riƙe fasfo da katin zama a aljihu don wurin dab yake da iyakar Belarus, masu gadin iyaka suna tsayar da motoci.