Malama a Texas ta roƙe ni kada in daina yi wa 'yata Hausa

Jama'ar gida, kun ishe ni da tambayar kuɗin haya da farashin shinkafa a Houston. Wannan sai wani jiƙon. Maganar makarantar yara ce ta tsaya mini a rai.

Da na kai ƙaramar 'yata firamaren gwamnati ta unguwarmu, cikin takardun da aka miƙo mini akwai wadda ke tambayar harshen da ake yi a gida. Wani ɗan'uwa da ya daɗe a nan ya riga ya ja mini kunne, wai in rubuta Turanci in huta. Hannuna ya ƙi, na rubuta Hausa. Ashe da gaskiyarsa: da zarar ka rubuta wani harshe, sai an yi wa yaro jarrabawar Turanci, kwamiti ya zauna a kansa, wasiƙu su yi ta zuwa. Yarinyar da na zuba wa kuɗi a makarantar kuɗi a Kano, inda ake cin tararta in ta kuskura ta ce "zo" ko "tafi", ga ta an sa ta a jerin masu koyon Turanci. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar ganawa da iyaye na tafi da shirin shan faɗa. Malamar, wadda iyayenta 'yan Meziko ne, ta fara da tambaya ko ina son a kira mini tafinta ta waya. Na ce ta bar shi. Ta buɗe fayil, ta nuna mini inda yarinyar ke da ƙarfi da inda take ɗingishi, sannan ta tambaya ko ta iya karanta Hausa. Na ce ji take yi, tana kuma yi, amma karatu babu. Sai ta ajiye biro. Ta ce Turanci aikinsu ne, kafin shekara ta zagayo zan sha mamaki, amma in Hausar ta suɓuce, duk ginin nan babu mai iya mayar mata da ita. Ta ce mu riƙa yi mata tatsuniya, mu nemo littattafai. Wallahi na rasa ta cewa. A rayuwata ban taɓa jin malamin boko ya roƙi uba ya riƙe wa ɗansa Hausa ba.

Kada ku ɗauka haka suke tun asali. Texas ta taɓa haramta koyarwa da kowane harshe in ba Turanci ba, tun 1918, sai 1969 aka sassauta. A garin Marfa akwai makarantar Blackwell, ta 'ya'yan 'yan asalin Meziko zalla. A 1954 aka sa yaran suka rubuta a 'yan takardu cewa ba za su ƙara yin Sifaniyanci ba, aka zuba a akwati, aka haƙa rami a filin makaranta aka binne, jana'iza sosai. Waɗannan yaran sun girma da abin a zuciya, har suka taru a 2007 suka yi bikin tono shi. A 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta mayar da makarantar wurin tarihi na ƙasa. Yau yaran da ke koyon Turanci a makarantun Texas sun haura miliyan ɗaya, galibinsu masu Sifaniyanci, kuma doka ta ce in suka kai 20 a matakin karatu guda na firamare a gundumar makarantu, harshensu ɗaya, dole a buɗe musu ajin harshe biyu.

To a nan gizo ke saƙar. Ina za mu samo Hausawa 20 'yan aji uku? Na zauna a bayan ajin wata safiya ana lissafi. An raba su tebur-tebur. A teburin 'yata, yaran suka duƙufa suna warware tambaya da Sifaniyanci, bakinsu kamar ana suyar gyaɗa, kuma maganar gaskiya lissafin suke yi, ba surutu ba. Wani yaro da bai daɗe da zuwa daga Honduras ba, nan take ya gane da abokinsa ya yi masa bayani da harshensu. Ita kuwa tawa tana riƙe da fensir tana bin bakin kowa da kallo. Da yamma ta ce, "Abba, in suka yi dariya ban san ko ni suke yi wa ba." Wannan ya fi jarrabawar ci mini rai.

Shi ya sa ba na zagin iyayen da ke cewa a yi Turanci zalla a aji. Su kansu Amurkawa ba su gama wannan gardama ba. Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'a a 1998 ta taƙaita ajin harshe biyu, ta dawo a 2016 ta warware abinta. Ni dai ba zan so a toshe bakin yaron Honduras don 'yata ta ji daɗi ba, na san ciwon abin. Malami ne ya kamata ya buɗe ido ya san yadda zai haɗa tebur. Na faɗa wa malamar, ta sauya musu wurin zama, yanzu kuma yarinyar ta fara kwaso mana Sifaniyancin zuwa gida, har tana yi wa uwarta ƙirge da shi.

Mu fa? Su yaran Marfa a ƙasar masu Turanci aka yi musu haka. Mu a Kano da Zariya da Katsina, malami Bahaushe, ɗalibi Bahaushe, mai makaranta Bahaushe, amma monita na zagayawa da takarda yana rubuta sunayen masu "banakula". Kuma iyaye ne ke nema. Za ka ji uwa a gidan biki tana taƙama wai ɗanta ba ya jin Hausa sosai. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi. Ba a kai ga wadata makarantu da littattafai ko horar da malamai ba, sai ga shi a 2025 an soke tsarin, wai shi ke kayar da yara jarrabawa. Yaushe ma aka gwada shi?

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira gida, aka ba ni ɗan ƙanwata. Ya gaishe ni da Turanci tiryan-tiryan, na amsa da Hausa, ya ci gaba da Turancinsa, uwarsa na gefe tana ƙara masa ƙarfi. Hajiyarmu ta karɓi wayar ta ce in ba ta jikarta ta Amurka su gaisa, don na gabanta sai da tafinta.