Musayar Kan Sarki: Zagayen Kundi ko Haɗuwa Ido da Ido

A ƙungiyoyin masu tara kan sarki na Birtaniya an daɗe ana zagaya kundi ta gidan waya: kowane mamba ya jera nasa da farashi, wanda kundin ya iso wa ya cire abin da yake so, ya biya sakatare, sannan ya aika wa na gaba. Wannan hanya ba ta da wahala, sai dai zagaye ɗaya yakan ci watanni, kuma tilas a yi wa kundin inshora.

Ga kaya masu tsada kuwa, haɗuwa ta fi. Penny Black, wani kan sarkin Birtaniya na 1840, ba shi da haƙoran gefe, da almakashi ake yanke shi, saboda haka faɗin gefensa huɗu yana cikin abin da ke yanke ƙimarsa, kuma ƙwararre ba ya yarda sai ya duba da madubin ƙara girma kafin a buɗe kundin farashin Stanley Gibbons, kamfanin dillancin kan sarki.