OM System TG-7 da takwarorinta: wace kyamara ce za ta jure gishirin Legas a hannun iyali?

Masu sayar da kyamara mai jure ruwa a kasuwannin Computer Village da Alaba sun fi son su fara da lambar zurfi: wannan tana shiga ruwa mita 15, waccan mita 20, ga wata mita 30. Ga iyalin da ke zaune a Agege ko Idi Araba, wannan lamba ita ce mafi ƙarancin amfani a jikin kwalin. Ba wanda zai kai yaransa Tarkwa Bay ko Elegushi yawon Sallah ya nutsa mita 15, wurin ninkaya na otal kuwa da wuya ya wuce mita biyu. Abin da ke kashe kyamara a Legas gishirin teku ne da yashi da laima, kuma mafi yawan ɓarnar ta bakin murfin batir take shiga. Da wannan ma'auni muka auna TG-7 da sauran da ake samu a kasuwa.

Wani zai ce ai wayarsa ma IP68 ce, wato tana da lambar shaidar jure ƙura da ruwa. Haka ne, amma gwajin da ya ba ta wannan lamba a ruwan daɗi aka yi shi, ruwa tsayayye marar igiya. Ruwan gishiri yana cin ramin caji, allon taɓawa ba ya jin yatsa idan ya jiƙe, kuma garantin manyan kamfanonin waya bai haɗa da ɓarnar ruwa ba. Sannan waya ce ke ɗauke da banki da lambobin abokan kasuwanci. Ba abin da za a miƙa wa ɗan shekara bakwai a bakin teku ba ne.

TG-7 ta fito a 2023. Ita ce magajiyar Olympus TG-6 ta 2019. Sunan ne ya sauya zuwa OM System bayan Olympus ya sayar da sashen kyamarorinsa a farkon 2021, amma jiki da ido (gilashin gaba) da sensa (abin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto) kusan duk ɗaya ne. Kamfanin ya ce tana jure ruwa mita 15 na tsawon awa ɗaya, faɗuwa daga mita 2.1, da dannin nauyin kilo 100. Wannan na ƙarshen ya fi amfani fiye da yadda ake zato: an jefa ta cikin jaka an ɗora kular abinci a kai, ko an zauna a kanta cikin danfo, ba abin da zai same ta. Nauyinta bai wuce giram 250 ba.

Inda ta yi wa sauran fintinkau shi ne ido. Yana farawa daga 25mm zuwa 100mm, wato yana jawo hoto ninki huɗu, kuma buɗewarsa a faɗi, wato kafin a jawo hoto, f/2.0 ce; idan lambar ta yi ƙasa, haske ya fi shiga. Wasu takwarorinta f/3.5 suke farawa. A lissafi, f/2.0 tana shigar da haske kusan ninki uku na abin da f/3.5 ke shigarwa, don haka kyamarar tana iya ƙifta ido da sauri ninki uku a haske iri ɗaya. Yaro da ke gudu yana fantsama ruwa da la'asar sakaliya, ko ranar hadarin watan Yuni da gari ya yi duhu tun azahar, a nan ake ganin bambancin: a TG-7 fuska ta fito, a waccan ta zama jirwaye. Sai dai wannan falala a faɗi kawai take. Da zarar ka jawo hoto zuwa ƙarshe, buɗewar ta koma f/4.9, kusan daidai da kowa. Saboda haka idan haske ya yi ƙasa, ka matsa da ƙafarka maimakon danna maɓallin jawowa. Faɗin 25mm kuma yana ɗaukar taron suna cikin ƙaramin falo ba tare da mai hoto ya manne da bango ba.

Megafiksel 12 take da shi, wasu masu arha kuma 16 ko 20 suke rubutawa. Kada wannan ya ruɗe ka. Dukkansu sensa ɗaya girmanta, ƙarama ce mai faɗin kusan milimita 6 da tsayin huɗu da rabi, kuma cusa ɗigo da yawa a wuri ɗaya ba ya ƙara kyau, sai ma ƙara tsakuwa-tsakuwa a hoton dare. Sha biyun sun isa a wanke hoton da za a rataye a falo. Tana da abin rage girgizar hannu na gaske, wanda ke motsa sensar kanta. Tana ɗaukar bidiyon 4K, tana tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi, abin da ke da muhimmanci a gidan da kowane hoto zai wuce WhatsApp kafin a bar bakin teku. Akwai kuma tsarin ɗaukar abu daga nisan santimita ɗaya, wanda ke fito da ƙafar kaguwa ko zaren aikin hula filla-filla. Yara kan so shi fiye da komai.

Aibunta ma a fili yake. Da dare ko a ɗaki mai ƙaramin ƙwai, waya mai tsada ta fi ta kyan hoto, ba gardama. Allonta na inci uku ba a taɓa shi, yana saurin karcewa, kuma a tsakar rana a kan farin yashi da ƙyar ake ganin abin da ke ciki, ga shi ba ramin leƙawa. Idonta ba shi da marfi, sai an sayi nasa daban, don haka ɗigon ruwa da shatin yatsa suna zama a kai. Mutum ya ɗauki hotuna hamsin kafin ya lura duk akwai tabo a kan fuskar amarya. Tsarin maɓallanta ya yi wa sabon hannu yawa. Batirinta, LI-92B, yana ba da hoto wajen 330 a gwajin kamfani, amma idan aka bar GPS da Wi-Fi a kunne ana bidiyo, ba zai kai yamma ba. Ga tsada: dala 550 aka sa mata lokacin da ta fito, kuma da canjin yau wannan kuɗi ne da sai an yi shawara da uwargida.

Wanda ke da TG-6 mai lafiya ba shi da dalilin sauyawa. Babban abin da ya ƙaru shi ne ramin caji na USB-C, wanda ke ba ka damar caji da wayar cajin da ke gida ko fawa bank ranar da ba wuta.

A ɓangaren Ricoh da Pentax, kamfani ɗaya ne da suna biyu, WG-6 tana shiga mita 20, tana jawo hoto ninki biyar daga 28mm zuwa 140mm, kuma tana da ƙananan fitilu shida zagaye da idonta don ɗaukar abu na kusa. Ƙanwarta WG-90 mita 14 ce, bidiyonta bai kai 4K ba. Jikinsu ƙaƙƙarfa ne, riƙonsu ya dace da hannun yaro, amma idonsu f/3.5 ne, rage girgizarsu na lissafin kwamfuta ne kawai, kuma ba su da Wi-Fi a ciki; sai an ciro kati ko an haɗa waya. Ga wanda zai yi hoto a hasken rana kawai, WG-90 ta wadatar. Kodak Pixpro WPZ2 ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin TG-7. Mita 15 take shiga, tana da Wi-Fi, amma tana da nawa wajen kama fuska, hotonta na yamma ba daɗi, kuma ƙaramin kati take ɗauka wanda bai wuce 32GB ba. Idan manufar ita ce a ba yara abin da ba za a yi kuka ba ranar da igiya ta tafi da shi, ita ce. GoPro kuwa ta bidiyo ce. Ba ta jawo hoto da ido, tana lanƙwasa fuskokin da ke gefe, ba ta dace da hoton iyali ba.

Sai maganar tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, wadda ita ce yawancin abin da za ka tarar a shafin cinikin Jiji da kan teburan Ikeja. Nikon W300 mai shiga mita 30 da Fujifilm XP140 mai mita 25 kyamarori ne masu kyau, amma an daina ƙera su, kowacce da ka gani ta yi shekaru. Abin da ke hana ruwa shiga ba ƙarfen jiki ba ne, siririyar roba ce da ke zagaye da murfin batir da na ramin caji. Robar nan kamar ta murfin kula take: ta tsufa ta bushe, ta daina kamawa, ko da daga waje komai yana sheƙi. Littafin Olympus da kansa ya ba da shawarar a sauya ta duk shekara. Haka kuma kyamarar da ta taɓa faɗuwa da ƙarfi tana iya ci gaba da ɗaukar hoto alhali bakin murfin ya ɗan goce.

Kafin ka biya kuɗin ta hannu, buɗe kowane murfi ka haska da fitilar waya. Robar ta zama mai laushi, ba tsaga, ba inda ta baje ko ta ɗago. Duba ƙarafan da batir ke taɓawa da cikin ramin caji: fari-fari ko kore-kore alama ce gishiri ya taɓa shiga, ka ajiye ta ka wuce. Leƙa idon daga gefe ko akwai zare-zaren fumfuna ko hazo a ciki. Danna kowane maɓalli, wanda ya yi tauri gishiri ne ya daskare a ƙarƙashinsa. Sannan ka nemi mai shago ya yarda da gwajin bokiti: a cire batir da kati, a cusa busasshiyar takardar tishu a mazaunin batir, a kulle, a nutsa cikin ruwa minti goma, a goge ta tas kafin a buɗe. Tishun ya fito a bushe, kuma ba jerin kumfa da ya riƙa fita daga bakin murfi. Wannan bai tabbatar da mita 15 ba, amma ya isa wanka. Mai shagon da ya ce "Alhaji, ai ba sai an gwada ba", ya ba ka amsa. Ko sabuwa ce, a rubuta lambar jikinta a kan rasit, a kuma faɗa maka wa zai gyara idan ta lalace, domin yawancinsu 'yan kasuwa ne suka shigo da su da kansu.

Bayan an saya, tsawon ranta yana hannun mai ita. A sa batir da kati tun a gida, da busasshen hannu, a duba robar. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya da ya gitta ta ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. TG-7 kulle biyu gare ta a kowane murfi, a tabbatar duka sun shiga. A bakin teku ba a buɗe ta sam, ko batir ya ƙare. Ba a tsalle da ita cikin ruwa, ba a tara ta a bakin famfo mai ƙarfi, domin bugun ruwa ya fi matsin zurfi illa. An dawo gida, a jiƙa ta a roba da ruwan daɗi kamar minti goma, murfi a kulle, ana ɗan danna maɓallan don gishirin ya narke. Ban da sabulu, ban da ruwan zafi. A shanya a inuwa, idan za a buɗe murfin ya kalli ƙasa don ɗigon da ya maƙale ya faɗo waje.

Laimar Legas tana da nata sharrin. Idan ka fito da kyamara daga mota ko ɗaki mai esi zuwa zafin waje, gilashin yakan yi gumi. A bar ta cikin jaka ta ɗan ɗumama tukuna. Ajiyar damina kuma a robar abinci mai murfi za a yi ta, tare da 'yan ƙullin silika irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, batir a cire.

Kada a sa rai da hoton kifi a ƙarƙashin tekun Legas. Ruwan a gurɓace yake da yashi, filashi kuma ƙara haska ƙurar yake yi, hoton ya cika da fararen ɗigo. A kashe shi, a matso ƙasa da mita ɗaya. Hoton cikin ruwa mai kyau a wurin ninkaya ake samun sa. Kuma dukkan kyamarorin nan nutsewa suke yi idan sun suɓuce. Igiyar hannu mai taso da su sama, mai launin ja ko ruwan lemo, a saye ta rana ɗaya da kyamarar, tare da batir na biyu da kati mai alamar U3 idan za a yi 4K. A kuma gaya wa yara tun kafin a sauka daga mota cewa in ta faɗa ruwa ba mai bin ta, saboda janyewar igiya a gaɓar Lekki ta fi ƙarfin babba ma.